Ragon da Inna ta Yanka

Gidanmu shi ne na ƙarshe. In ka bar Lafiya ka kama hanyar Assakio, sai ka sauka daga kwalta, ka ratsa ƙauyenmu, ka tsallake rafi, sannan ka gan shi a bakin gona. Sauran danginmu Gwandara duk suna cikin ƙauyen, kusa da masallaci. Babanmu ne kawai ya fita daban, wai ba ya son akuyarsa ta ci gyaɗar wani a yi ta kai ƙara gun mai unguwa. Maƙwabcinmu ɗaya ne tal a wannan ƙetaren, wani dattijo ɗan ƙabilar Tibi da matarsa, Kiristoci, manoman doya da rogo. Mu yara Baba Tibi muke ce masa, yana kuma amsawa.

Abin da muke ci daga gidan yake fitowa. Dawa da masara a rumbu, doya a rumfa, kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki. Nama kuwa yana yawo a tsakar gida da ƙafafunsa: awaki gajeru masu taurin kai, tumaki 'yan kaɗan, kaji, agwagi masu ɓata ko'ina, da zabi waɗanda har suka ƙare ba su yarda cewa na gida ba ne. Inna ce mai kiwo. Ita ta san wadda ta ɗauki ciki, ita ke lura da wanda ya kwana bai yi tuƙa ba. Baba kuma shi ne mai wuƙa. In za a yi yanka, sai ya zaga bayan rumbu ya wasa wuƙarsa don kada dabbar ta gani, ya ba ta ruwa, ya tona ɗan ramin jini, ya kwantar da ita tana fuskantar gabas. Ba ya magana da kowa sai ya gama. Ko Baba Tibi, in Kirsimeti ta zo, gidanmu yake jawo bunsurunsa Baba ya yanka masa, don mu ma mu iya ci.

Baba ya rasu bayan kaka, ciwon 'yan kwanaki. Ya bar Inna da 'ya'ya mata uku. Babbarmu tana aure a Agyaragu, saura ni, budurwa a lokacin, da ƙanwata. Namiji ko ɗaya babu.

Da Inna ta fita takaba, ƙanen Baba ya zo daga Lafiya a kan babur. Baffa ke nan, mai shagon kayan masarufi, mutum mai tsabtar riga da son a ce shi ya fara faɗa. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan, ko da yake na daɗe ban yafe masa ba. Tunda Baba bai bar ɗa namiji ba, Baffa yana da kaso a gadon gidan da gonar, in ya ce a raba a sayar, an raba ke nan. Ya zauna a kan tabarma ya ce da Inna, "Yaya, ku tattara ku dawo gari. Akwai ɗaki a gidana. Mata zalla a bakin daji, ko kaza kuka so ci sai kun nemi aron namiji."

Inna ta ce, "Alhaji, a nan yayanka ya aje ni. Ka bar ni in gwada."

Ya daɗe yana kaɗa makullin babur a yatsa, sannan ya ce ya ba ta damina ɗaya. In ya ga gidan yana tsaye da ƙafarsa, zai bar kasonsa a hannunta. In ya ga ba haka ba, kada ta ce ya yi mata rashin kunya.

Maganar aron namiji ta yi mini ciwo saboda gaskiya ce. A wurinmu mace ba ta yanka. Haka muka taso muka tarar, kakar Inna ma ta faɗa mata tun tana ƙarama cewa yankan mace mushe ne, kuma Inna ba ta taɓa tambayar dalili ba. Saboda haka duk ranar da muka so miyar kaza, ƙanwata za ta saƙale kazar a hammata, ta tsallake rafi, ta je ta yi sallama a zauren wani tsohon malami, ta jira ya gama abin da yake yi. Wani lokaci ta dawo da kazar a yanke, wani lokaci ta dawo da ita tana kuka a hammata, an ce Malam ya tafi jana'iza. Inna ba ta taɓa ƙorafi ba. Sai ta sake kazar, ta kaɗa miyar kuka.

Akwai rago ɗaya da aka haifa Baba yana da rai, fari mai baƙin kunne. Shi Inna ta ɗaure a turke a ƙarƙashin mangwaro don layya. Wanda bai yi zaman gida irin namu ba zai ɗauka ragon layya na kwana biyu ne. A wurinmu naman shekara ne. Ana soya shi a cikin kitsensa har ya bushe, a zuba a tukunya a rufe, a riƙa ɗiban tsoka ɗaya ko biyu ana jefawa a miya har wata da watanni. Bayan haka, Inna ta san duk ƙauyen sun zuba ido, Baffa ma ya zuba. In ragon nan ya kai Sallah da ƙiba, an ga gwauruwa ta iya riƙe gida. Tana ba shi harawa da dusa da ɗan kanwa, tana shafa masa wuya tana yi masa magana da Gwandara ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi so shi ne ƙasari, farin ruwan nan da ke fita in an wanke surfaffen hatsi. Ko digo Inna ba ta zubarwa. Da shi take kwaɓa masa dusa, yana ci yana kaɗa wutsiya.

Shekarar ta zo da tsanani. Lokacin ne ake layin sabulu da madara a gari, hatsinmu kuma ya ja baya tun damina ba ta yi nisa ba. Abin da ya rage a gona shi ne wani rogo da Baba ya karɓo irinsa a wurin Baba Tibi ya dasa kafin ya kwanta ciwo. Mu rogon da muka sani shi ne mai zaƙi, wanda ake dafawa a ci da ƙuli da yaji. Wannan kuwa mai ɗaci ne, na yin garin rogo, ba a cin sa sai an sarrafa. Matar Baba Tibi ta zo ta koya wa Inna aikin tiryan-tiryan: a fere, a wanke, a gurza a jikin langalangar da aka huhhuda da ƙusa, a ɗura a buhu, a ɗaure, a danne da manyan duwatsu ya tsane, sannan a tankaɗe a soya. Komai ta faɗa, ban da abu guda. Ba ta ce mana ruwan da ke tsiyaya daga buhun dafi ba ne. A gidansu ko yaron da ke rarrafe ya san haka, buhunansu a bayan shingen ƙaya suke danne su, ruwan yana bin rami. Bai zo mata a rai cewa akwai babbar macen da ba ta sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Inna ta ga farin ruwa yana zuba a ƙasa a banza, zuciyarta ta kasa ɗauka. Ta kawo kwano ta tara. Fari ne, da ɗan kauri, da ɗan tsami, ba shi da maraba da ƙasari a ido.

Ranar Juma'a ce. A lokacin ba a yin Juma'a a ƙauyenmu, saboda haka tun da hantsi maza suke fita, masu keke da masu ƙafa, su nufi Lafiya, ba sa dawowa sai bayan la'asar. Ina shara na ga Inna ta kwaɓa dusa da ruwan nan ta aje wa ragon. Ya sa kai ya cinye, ya shanye abin da ya kwanta a ƙasan kwanon. Awaki biyu suka zo suka lashe gefe. Ni ma ban ga komai a ciki ba.

Ba a jima ba na ji turke yana jijjiga. Ragon yana tangaɗi, yana haki, kumfa na fita a bakinsa, jikinsa na rawa. Awakin nan biyu ma sun kwanta suna kuka wani iri. Inna ta saki murya ta kira maƙwabta, abin da ban taɓa ji ta yi ba. Baba Tibi ya ɓullo daga gonarsa da fartanya a kafaɗa, ya dubi kwanon, ya dubi buhun rogon da ke ɗiga, ya riƙe kai. Ya yi wa matarsa tsawa da harshensu, sai ga ta a guje da kwalbar manja. Suka buɗe bakin dabbobin suka ɗura musu. Awakin suka yi ta kakari, daga baya suka miƙe suna layi. Ragon shi ya sha mai yawa. Manjan yana shiga yana dawowa ta gefen baki, idonsa ya fara juyewa.

Inna ta tura ƙanwata ƙauye ta nemo namiji Musulmi, kowane ne, ko tsoho ko yaro. An yi ruwa da asuba, rafin ya kawo, sai ta zaga ta wajen gadar itace can sama. Duk mun san ragon ba zai jira ta ba.

Baba Tibi ya durƙusa ya taɓa wuyan ragon. Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Ya ce, "Maman yara, wannan rago zai tafi fa. In ni na yanka, ku ba za ku ci ba, na sani. Kawo wuƙan mai gida, kai ka yanka."

Inna ta ce, "Mace ba ta yanka, maƙwabci."

"To zai mutu banza. Naman shekara ne fa, Mama. Abeg, don Allah. Ni zan kama maka shi."

Wuƙar Baba tana soke a jinkar ɗakinsa, a cikin kubenta, babu wanda ya taɓa ta tun rasuwarsa. Ni na ɗauko. Ban san ko na kyauta ba, na dai miƙa mata, ita kuma ta karɓa kamar an miƙa mata garwashi. Ta tsaya da ita a hannu, leɓenta yana motsi. Na ga tsoro a fuskar Inna ranar nan, tsoron Allah da tsoron bakin mutane a haɗe, na kuma ji tausayinta har cikin hanjina. In ta bari ya mutu, mushe ne, sai a ja shi daji a binne, Baffa ya zo ya ce ai ya faɗa. In ta yanka, ta yi abin da ba a taɓa jin wata mace ta yi ba a zuriyarmu.

Ragon ya yi wani dogon numfashi. Inna ta ce da ni, "Juya shi gabas." Ni da Baba Tibi muka juya shi, na danne ƙafafun baya, shi ya riƙe na gaba da ƙaho. Babu lokacin tona rami. Ta ɗaure zanenta tamau, ta durƙusa, ta shafa wuyan inda ta saba shafawa, ta ce Bismillahi, Allahu Akbar, da ƙarfi har muryarta ta fashe. Ta ja wuƙar ba ta ɗaga ba sai da ta gama, yadda ta sha ganin Baba yana yi daga bakin madafa. Jini ya yi tsartuwa har kan ƙafarta. Ragon ya yi shure-shure da ƙarfin da ya kusa ture ni, sannan ya lafa.

Inna ta aje wuƙar a kan turmi, ta je ta zauna a ƙofar ɗaki ta zuba wa hannunta ido. Baba Tibi ne ya feɗe. Ya ce kayan ciki duka a binne, tumbi da hanji da hanta, dafin a nan yake, tsokar kuwa lafiyarta ƙalau, su sun sha cin irinta. Matarsa tana gefe tana kuka tana ba Inna haƙuri, Inna tana ce mata ba laifinta ba ne. Sai da aka gama fiɗa ƙanwata ta dawo, jiƙe sharkaf da gumi, ita kaɗai.

Da yamma tsohon malamin ya zo da kansa, don labari ya riga ya zaga ƙauye. Ya tsaya daga zaure ya yi tambayoyi. An fuskantar da shi alƙibla? An ambaci sunan Allah? Jini ya fita da ƙarfi? Ya motsa bayan yanka? Ni nake amsawa, Inna tana bayan ƙofa. Ya ce to halal ne, babu inda littafi ya ce sai hannun namiji, al'ada ce kawai ta mutane. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Inna ta sa na naɗe masa cinya a ganye. Ya dubi cinyar, ya yi murmushi, ya ce haƙoransa sun daina nama, a ba yara. Mako bai zagayo ba na gan shi a wurin wani suna, da ƙashi a hannu yana gwagwiya.

Al'adarmu in an yi yanka, sai an kai wa dangi da maƙwabta. Kwanon ba ya dawowa haka nan, za a saka ɗan kuɓewa ko gyaɗa ko daddawa a ciki. Washegari muka rarraba, ni da ƙanwata. Kafin azahar kwanukan suka fara dawowa a rufe, da nauyinsu yadda suka tafi. Wannan ta ce mai gidanta yana azumi. Waccan ta ce suna tsoron dafin rogo, alhali bara da mota ta buge akuyar mai unguwa, har ƙafafunta sai da suka yi rububinsu. Wata gwaggonmu ce kawai ta faɗi gaskiya, ta ce da ƙanwata, "Ki ce da uwarki mun gode, amma mu ba mu cin yankan mace." Har yau in na tuna jerin kwanukan nan a bakin madafa sai raina ya ɓaci. Gidan Baba Tibi ne kaɗai suka karɓa, suka aiko da doya.

Inna ta hura wuta ta soya naman duka, nata da wanda aka dawo da shi, ta cika tukunya. Tana sa mana a miya, ni da ƙanwata muna ci, babu abin da ya same mu. Sai a kwana na uku ko na huɗu na lura da kwanonta. Tana ɗiban tata miyar kafin ta jefa naman. Na ce, "Inna, ba Malam ya ce halal ne ba?" Ta ce, "Ya faɗa. Kunnena ya ji, cikina ne bai ji ba." Abin da aka dasa mata tun tana yarinya ya riga ya yi saiwa. Ta yarda ta ciyar da mu da shi saboda ta gaskata Malam, amma in ta kai tsokar kusa da baki sai zuciyarta ta tashi.

Baffa ya zo ana saura 'yan kwanaki Sallah. Bai ko kashe babur da kyau ba ya fara duban turken da babu kowa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar mangwaro, Inna ta sa na kai masa tuwon masara da miyar kuɓewa, da tsoka uku a sama. Ya wanke hannu, ya buɗe kwanon, ya tsaya.

"Yaya, wannan naman ragon ne?"

"Shi ne."

"Wa ya yanka?"

Ya sani sarai, so yake ta faɗa da bakinta. Ta ce, "Ni na yanka, Alhaji."

Ya mayar da murfin a hankali. Ya ce abin da yake gudu ke nan. Ga asarar rago, ga sunan gidan yayansa a bakin mutane, ana cewa matan gidan sun koma cin mushe. Inna ta ce ragon bai yi asara ba, yana cikin tukunya, zai kai mu har rani, kuma Malam ya ce halal ne. Baffa ya yi 'yar dariya. Ashe gulmar ƙauye ba ta bar komai ba, har abin da ke cikin kwanon Inna an kai masa. Ya ce, "Halal ne, amma na ji ke kanki ba ki ci. Kin ba marayu abin da kike ƙyama. In kin yarda da yankanki, Yaya, ga shi nan, ci in gani. In kin ci, na bar miki gidan, ba zan sake tayar da maganar ba. In kin kasa, bayan Sallah zan turo mota."

Na so in yi magana, Inna ta ɗaga mini hannu. A wurinmu mace ba ta cin abinci a gaban ƙanen miji ma, balle daga kwanonsa. Ta matso a kan gwiwoyinta, ta buɗe murfin, ta ɗauki tsoka mafi girma. Ta yi bismilla, ta sa a baki, ta tauna. Soyayyen nama ne, busasshe, ba ya haɗiyuwa da wuri. Ta daɗe tana taunawa, idonta a kan Baffa, hawaye yana bin kuncinta ba ta share ba. Ta haɗiye. Ta ɗauki ta biyu, ita ma ta cinye. Da ta kai hannu kan ta uku Baffa ya ce, "Ya isa, Yaya. Ya isa haka." Kansa a sunkuye yake. Ya tashi bai ci tuwon ba, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ya tura babur har bakin rafi kafin ya tayar.

Inna ta zauna daram har ƙarar babur ta ɓace. Sannan ta tashi da sauri ta zaga bayan rumbu. Na bi ta da buta. Na same ta ta dafa bango tana amai, kamar hanjinta zai fita. Na riƙe ta, ina kuka, na ce mata da mun bi Baffa ma da ya fi wannan. Ta karɓi butar ta kuskure baki, ta wanke fuska, ta daɗe tana mayar da numfashi.

Ta ce, "Ya tafi?"

Na ce ya tafi.

"To kada ki faɗa wa ƙanwarki. Je ki kwance awakin nan, tun safe ba su ci komai ba."

Baffa ya cika alkawari, bai turo mota ba. A gidan nan Inna ta zauna har ƙarshen ranta, kuma naman ragon ya kai mu rani kamar yadda ta ce. Ni da ƙanwata muka cinye shi.